Wasan Kwamfuta Bai Ɗauke wa Yaranmu Karatun Littafin Wells Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan makalar da ta fito a shafinku na kimiyya da fasaha, wadda marubucinta ya yaba wani tsohon wasan kwamfuta da aka gina a kan shahararren labarin nan na H. G. Wells, na mutumin da ya ƙera injin tafiya cikin zamani. Marubucin ya yi ƙoƙari, kuma na ji daɗin ganin irin wannan batu ya samu wuri a jaridar Hausa. Sai dai ya faɗi wata magana da ba zan iya bari ta wuce ba, cewa gani ya kori ji, yaron da ya buga wasan tamkar ya karanta littafin ne, saboda haka malamai su daina wahalar da ɗalibai da karatun da ba sa so. Ni malamin lise ne, wato babbar makarantar sakandare, a nan Yamai, na karanta littafin tare da ɗalibaina a fassararsa ta Faransanci, wasan kuma na buga shi tun zamanin da ake sayar da shi a faifai. Abin da na gani shi ne wasan ya ɗauki sunan labarin da injinsa, ya bar dalilin da ya sa aka rubuta shi.

Littafin ya fito a Ingila a 1895 da sunan The Time Machine, mu nan kuwa mun fi saninsa da sunansa na Faransanci, La Machine à explorer le temps. Ɗan ƙarami ne, mai himma yana iya gama shi a dare ɗaya. Wani masani ne mazaunin Richmond, kusa da Landan, wanda Wells bai ba shi suna ba tun daga farko har ƙarshe, yake ba abokansa labari bayan cin abincin dare cewa ya hau injinsa ya sauka a shekara ta 802,701. A can ya tarar da ƙasa ta zama lambu, da manyan gine-gine da suka fara rushewa, da wasu ƙananan mutane kyawawa masu suna Eloi, waɗanda ba sa noma, ba sa saƙa, ba sa karatu, ba abin da suke yi sai cin ƴaƴan itace da wasa da furanni. Kafin ya ankara injinsa ya ɓace, an ja shi an shigar cikin gindin wani farin gunki, an rufe da ƙofar tagulla. Abin da ya rage masa shi ne ƴan sandunan nan biyu da ake tada injin da su, waɗanda ya yi dabarar kwancewa ya sa a aljihu, sai kuma kwalin ashana.

Duk wanda ya san irin wasannin da ake magana a kansu zai ga dalilin da ya sa wannan labari ya ba masu ƙera su sha'awa. Ba wasan harbi ba ne ko na tsere, wasa ne na yawon bincike da warware ƙulli, kuma asalinsa ya koma 1976, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Will Crowther, wanda sana'arsa rubuta manhaja ce, nishaɗinsa kuma shiga kogunan dutse, ya rubuta wasan farko na irin wannan. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta ce take rubuta maka inda kake da abin da ke gabanka, kai kuma ka rubuta mata umarni na kalma biyu, kamar ɗauki fitila ko shiga kogo, ta ba ka amsar abin da ya biyo baya. Don Woods ya faɗaɗa shi a 1977, daga baya aka ƙara hotuna da sauti da nuni da linzami, amma ƙa'idar ba ta canza ba: ka zagaya, ka lura, ka tsinci abin da ka gani, ka yi magana da wanda ka tarar, ka gwada abin da ke hannunka a kan ƙofar da ta ƙi buɗuwa. To ga baƙo a ƙasar da bai san harshenta ba, ga ƙofa a kulle, ga kaya kaɗan a aljihu, ga rijiyoyi masu matakalar ƙarfe da ake jin ƙugin injuna daga ƙarƙashinsu, ga wani tsohon gidan tarihi inda matafiyin ya samo ƙarin ashana da kafur, ya kuma ɓalle wani ƙarfe ya mai da shi makami. Kai ka ce Wells ya tsara wa masu wasan aikinsu ne shekara 80 kafin su fara.

Akwai ma abin da ya fi wannan dacewa, wanda a ganina shi ne daɗin littafin ga mai koyarwa. Matafiyin yana kallon abin da ke gabansa, ya gina fassara, sannan wani sabon abu ya bayyana ya rushe ta. Da farko ya ɗauka ɗan Adam ya ci nasara a kan yunwa da cuta da yaƙi, har hutu ya yi masa yawa ya raunana. Da ya gano cewa akwai wasu halittu farare masu manyan idanu da ke zaune ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ake kira Morlock, sai ya canza shawara, ya ce ai waɗannan jikokin ma'aikata ne da aka tura cikin rami suna yi wa jikokin masu dukiya bauta, su ne ke ɗinka musu tufafi. Sai da ya sauka cikin rijiyar, ya kyasta ashana, ya hango nama a kan tebur, ya kuma haɗa wannan da irin tsoron da Eloi ke yi wa dare marar farin wata, sannan daga baya gaskiya ta bayyana masa: na ƙasa ne ke kiwon na sama, kamar yadda ake kiwon rago don layya. Wannan tafarki na zato da gwadawa da gyara zato shi ne ainihin aikin mai buga wasan bincike, kuma da an bi shi sau da ƙafa da an samu wasan da zan sa ɗalibaina su buga ba tare da wata fargaba ba.

Amma ba haka aka yi ba. Wasan da makalar ta yaba, kamfanin Cryo Interactive na birnin Paris ne ya fitar da shi a 2000, kuma ko sunansa, The New Adventures of the Time Machine, ya nuna cewa sababbin tafiye-tafiye ne aka ƙaga wa injin. An ba matafiyin suna, an kai shi shekara dubu 800 gaba, injin ya ɓace masa, iyakar kamar ke nan. Babu Eloi, babu Morlock. Maimakon lambu sai aka kai shi duniyar rairayi, inda wata guguwar zamani ke tasowa ta mai da babba yaro ko ta mai da yaro tsoho, ta kuma shafe wa mutane tunaninsu, shi kuma dole ya nemi wani mai iko da ake kira Khronos domin ya koma gida. Akwai sihiri, akwai faɗa. Ba na cewa dabarar guguwar ba ta da kyau, ita ce ma abin da na fi tunawa a wasan, domin akwai ban tausayi a cikin garin da ba wanda ya tabbata da shekarunsa ko da abin da ya yi jiya. Amma wannan wani labari ne dabam, kuma yaron da ya gama shi ya je ɗakin jarrabawa da shi zai rubuta abin da Wells bai taɓa faɗa ba.

Kada a ce rashin iyawa ne. Wannan kamfani shi ne ya yi wasan fadar Versailles a 1996 tare da hukumar gidajen tarihi ta Faransa, inda aka sake gina ɗakunan fadar kamar yadda suke a 1685, ya kuma yi makamancinsa a kan tsohuwar Masar. Mutanen da suka iya bin tarihi ɗaki bayan ɗaki ba za su kasa bin ɗan ƙaramin littafi ba. Abin da ya hana su yana cikin tsarin wasan ne kansa. Wasan bincike alkawari ne tsakanin mai ƙerawa da mai bugawa, cewa duk ƙofar da aka kulle akwai mabuɗinta a wani wuri, duk wahalar da aka sha akwai sakamakonta, kuma wanda ya yi haƙuri ya yi tunani zai gyara abin da ya ɓaci. Wanda ya biya kuɗinsa ya zauna sa'o'i a gaban allo ba ya son a ce masa a ƙarshe duk wayonsa bai amfana wa kowa komai ba. Labarin Wells kuwa abin da yake faɗa ke nan. Matafiyin ya ceci Weena, yarinyar Eloi, daga nutsewa a kogi, ya yi niyyar tafiya da ita zamaninsa, amma wutar da ya kunna da hannunsa a daji domin korar Morlock ita ta tashi ta zama gobara, a daren kuma ya rasa yarinyar. Ƙofar tagullar da ya sha fama da ita, ba shi ya buɗe ta ba, ya dawo ne ya tarar da ita a buɗe, domin tarko aka ɗana masa. Ya tsira da ransa da injinsa, bai ƴantar da kowa ba, bai sulhunta kowa ba, domin ɓarnar ta riga shi zuwa da dubban ɗaruruwan shekaru.

Sannan akwai babin da ban ga yadda za a mai da shi wasa ba. Bayan ya kuɓuta, matafiyin ya ci gaba har fiye da shekara miliyan 30, ya tsaya a bakin wani teku, rana ta kumbura ta yi ja, iska ta yi ƙaranci, ya riga ya wuce zamanin wasu manyan ƙaguwoyi, ba sauran motsi sai wani baƙin abu da ke tsalle a bakin ruwa. Babu abin tsinta, babu wanda za a yi wa magana, babu ƙullin da za a warware. Mai karatu yana iya tsayawa a wannan wuri ya yi shiru, amma mai riƙe da linzamin kwamfuta zai yi ta dannawa yana neman abin yi, idan bai samu ba ya ɗauka wasan ne ya lalace. Wells ɗalibin ilimin halittu ne, ya yi karatu a hannun T. H. Huxley a Landan, kuma tsawon zamanin da ya fi ƙarfin lissafin ɗan Adam yana cikin abin da ya so mai karatu ya ji a jikinsa. Mu a Nijar ba sai mun je nesa ba. Idan na gama wannan babi da ɗalibai nakan kai su gidan tarihi na Boubou Hama, mu tsaya gaban ƙwarangwal ɗin katon kadan nan da aka tono a Gadoufaoua, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin da yau rairayi ne yake cike da koguna. Yara sukan jera hannuwansu kusa da muƙamuƙinsa suna aunawa, surutun ya ragu da kansa. Matafiyin Wells ma ya tsaya gaban irin waɗannan ƙasusuwa a gidan tarihin da ya shiga, ya kuma tarar da littattafan wurin sun zama tsumma.

Abin da ya fi damuna dai shi ne yar da Eloi da Morlock, domin su ne labarin. Wells ba ɗan masu hali ba ne. An haife shi a 1866, ya yi yarinta a gidan da ɗakin girkinsa ke ƙarƙashin ƙasa, an kai shi koyon aiki a kantin yadi yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta yi aikin kula da wani babban gidan attajirai mai suna Uppark, inda barori ke bin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa tsakanin madafa da babban gida. Da ya dubi Ingila ta zamaninsa, da masu haƙar kwal da masu aikin masana'antu da ba sa ganin rana, sai ya tambayi kansa inda wannan rabuwa za ta kai idan aka bar ta ta yi ta tafiya. Amsar da ya bayar ba ta yi wa kowa daɗi ba, domin bai mai da na ƙasa salihai ba, bai kuma bar na sama da wata daraja ba, duka biyun rabuwar ta lalata su.

Ɗalibanmu ba sa buƙatar dogon bayani kafin su gane wannan. A ƙasar nan an shafe daga 1978 zuwa 2021 mutane suna sauka cikin ramin Akouta, kusa da Arlit, suna haƙo uraniyom da ke ba wasu ƙasashe wutar lantarki, alhali ƙauyukanmu da yawa ba su da ita. A aji ɗaya za ka samu ɗan da ake kawowa da mota da ɗan da uwarsa ke wanke-wanke a gidan su mai motar. Ranar da muka kai wurin naman nan na kan tebur, wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to wa ya fara cin wani a cikinsu?" Muhawarar da ta biyo baya ta cinye sauran lokacin darasin, har aka buga ƙararrawa ba a gama ba. Ban ga inda guguwar rairayi da neman Khronos za su haifar da irin wannan tambaya ba.

Ba na cikin masu cewa wasan kwamfuta duk ɓata lokaci ne, kuma ina roƙon iyayen da za su karanta wannan wasiƙa kada su ɗauke ta hujjar ƙwace wa yaro abin wasansa. Wasan bincike yana koyar da haƙuri da lura, yana tilasta wa yaro karanta abin da aka rubuta a allo da kyau, abin da wasan ƙwallon da samarinmu ke bugawa a shagunan unguwa ba ya yi. Masu ƙyamar labarin ta fuskar addini kuma, na cewa kutse ne cikin ilimin gaibu, ina ganin sun ɗora masa abin da bai ɗauka ba, domin ƙagaggen labari ne da marubucinsa ya yi don jan kunnen mutanen zamaninsa, bai ce ya san gobe ba. Farkawa a zamanin da ba naka ba ma ba baƙon tunani ba ne ga wanda ya tashi yana jin ƙissar As'habul Kahfi, da shekara 309 da suka yi a kogo, da wanda aka aika gari da kuɗin azurfa ya sayo abinci. Bambancin a fili yake, waccan aya ce ta ikon Allah, wannan kuwa ƙirƙirar marubuci ce, kuma yaranmu sun san haka.

Shawarar makalar ma, ko an yarda da ita, da wuya ta yi aiki. An yi wasan ne don kwamfutocin Windows na wancan lokaci, kamfanin da ya yi shi ya karye tun 2002, kuma tada irin waɗannan tsofaffin faifai a kan injunan yau aiki ne na wanda ya san kan abin. Yawancin ɗalibanmu ba su da kwamfuta a gida, salula suke da ita, wasu ma ta yayyensu ce suke ara. Littafin kuwa kwafi ɗaya yana zagaya aji guda, ba ya neman caji, ba ya jiran a dawo da wuta.

Idan ana son a haɗa yaranmu da wannan labari ta hanyar wasa, hanya mafi kusa ita ce a koma salon Crowther, wato wasan da rubutu ne zalla. Ba ya buƙatar masu zane ko manyan injuna, yana buɗuwa a ƙaramar salula, kuma akwai manhajojin kyauta na rubuta shi, irin su Twine da ta fito a 2009, wadda ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni zai iya koyo cikin hutu guda. Tun da ba kasuwar Turai ake nema ba, ba dole ba ne a faranta wa mai bugawa da nasara. Ana iya barin sa ya sauka rijiyar da ashanarsa ƙidayayya, a tambaye shi a kowane mataki me ya fahimta game da mutanen sama da na ƙasa, a bar shi ya yi zato ya ga zatonsa ya rushe, a kuma bar gobarar ta ci kamar yadda ta ci a littafi ko da wace hanya ya bi. Wannan ba zai maye gurbin karatu ba shi ma, amma aƙalla wanda ya gama shi zai san su waye Morlock, zai kuma so ya ji yadda mai labarin ya faɗe shi da bakinsa.

Kafin a kai nan sai labarin ya samu a Hausa, kuma a nan ne nake da buƙata a wurin jaridarku. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kundin sake gina ƙasa na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma yaron da ya iya karatun Hausa har yanzu abin da zai karanta don nishaɗi kaɗan ne a kasuwanninmu, balle labarin da ya shafi kimiyya. Wells ya rasu a 1946, haƙƙin mallakar rubuce-rubucensa ya faɗi a ƙasarsa tun farkon 2017, saboda haka fassara daga asalin Ingilishi ba ta jiran izinin magada. Labarin da kansa ma a mujalla ya fara fitowa, kashi-kashi, daga Janairu zuwa Mayu na 1895, kafin a haɗa shi littafi, kuma babobinsa gajeru ne, kowanne yana ƙarewa a inda mai karatu zai ƙosa ya ga na gaba. Idan za ku ware masa rabin shafi a kowane mako, ni da wasu abokan aikina masu koyar da Ingilishi da Hausa a shirye muke mu kawo muku fassarar babobin farko ku duba, tare da ɗan bayani a ƙarƙashin kowane kashi domin malaman da za su so yin amfani da shi a aji.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin lise,
Unguwar Bukoki, Yamai.